Baƙar Laimar Ah Yoke

Ah Yoke matar yayana ce. Mun fi shekara arba'in muna tsaye a rumfa ɗaya a kasuwar safe ta Kampar, ita tana turara taliyar shinkafa, ni ina yankawa, ina zuba miya, ina faɗa da masu saye. Ita ba ta faɗa da kowa. In mutum ya ce taliyar yau ta yi kauri, sai ta ba shi haƙuri, ni kuwa in nuna masa rumfar gaba. Mutane suna cewa ba don ita ba da tuni na kore mana kasuwa, ni kuma ina cewa ba don ni ba da tuni ta rabar da rumfar kyauta.

Mace ce 'yar firit, bayanta ya ɗan lanƙwashe saboda sunkuyo a kan tukunyar tururi. Ba ta kashe wa kanta ko sisi. Takalmin roba ɗaya take ja har ƙasansa ya huje. Abu ɗaya take yi wanda bai yi kama da ita ba: duk ƙarshen shekara, in an yi hutun makaranta, sai mu rufe rumfa mu hau mota zuwa wurin wasan nan na kan dutse, mu biyu, babu yaro ko ɗaya a hannunmu. 'Yan kasuwa sun ɗauka caca muke zuwa yi, don akwai gidan caca a can. Ban taɓa gyara musu zance ba.

Dalilin tafiyar ni kaɗai na sani. Tana da 'ya, ta fari, Pui Sim, muna ce mata Ah Sim. Yarinya ce mai surutu da kafa wa mutum ido. Tana da shekara takwas yayana ya kwashe mu duka ya kai mu dutsen nan, karo na farko kuma na ƙarshe da ya taɓa kai iyalinsa wani wuri. Bayan mun dawo ba da jimawa ba zazzaɓin dengi ya kama ta, bai kuwa bar ta ba. A gidanmu babba ba ya yi wa ƙarami makoki, kuma babana ya ce yadda aka gada haka za a yi. Wasu mutane suka zo da ɗan akwati suka fita da ita ta ƙofar baya. Ba a bar uwar ta bi su ba, ba a nuna mata inda aka kai ta ba. Ba a sa sunanta a teburin kakanni ba, inda muke ajiye wa matattu abinci, tunda 'ya mace ce da ba ta yi aure ba. Aka ƙone kayanta. Yayana har ya mutu bai ƙara ambaton sunanta ba, kuma ina jin wannan shirun ne ya cinye shi.

Ah Yoke ta rasa inda za ta ajiye wa 'yarta ko kwanon shinkafa. Da shekara ta zagayo ta ce in raka ta dutse. Muka kama ɗakin da muka kwana a wancan zuwan, a otal ɗin da ya fi kowanne araha, wanda nake kira Akwatin Ashana. Ta shiga ita kaɗai, na jira a waje. Da ta fito sai ta ce mini, "Tana nan." Ban tambaye ta yadda ta sani ba.

Ɗaki ne da in ka miƙa hannu biyu za ka taɓa bango da bango. Tagarsa tana kallon bututun ɗakin girki, bargon kullum da danshi, bangon yana warin tsohuwar taba. A wajenmu kowa yana ƙwanƙwasa ƙofar ɗakin otal kafin ya shiga, don waɗanda ba a gani da ke ciki su ba shi wuri. Ita in ta ƙwanƙwasa sai ta ce, "Mama ce." Kowa yana jibga jaka a kan gadon da babu mai kwana, don kada wani abu ya hau. Mu kuwa sai mu matsu a gado ɗaya, gwiwarta a bayana, mu bar ɗayan a gyare, da alewa da lemon kwalba a kusa da matashi. Ni dai ban taɓa ganin komai ba. Amma ban taɓa kwanciya na juya wa gadon nan baya ba.

Haka muka yi ta yi har gashinmu ya yi fari. Sai wata shekara aka ba da sanarwa za a rushe Akwatin Ashana a gina wani abu.

A lokacin ɗanta Chun Hoong, da muke kira Ah Hoong, wanda yake goye sa'ad da yayarsa ta rasu, ya zama babban mutum a Singapore, da mata da yara biyu. Ya zo gida ya ce bana shi zai kai mu, uwarsa ta cika saba'in. Muna cin abinci ya fito da waya yana nuna mana hotuna. Otal biyu suka rage: wani matsakaici a gangaren dutse, wanda sai an hau mota daga can zuwa wurin wasan, da kuma wanda nake kira Gidan Gilashi, mai tsadar da ba ta faɗuwa.

"Goggo, tsaya ki ji," in ji shi, don ya ga na fara taɓe baki. "Wannan mai tsadar a cikin wurin wasan yake. Ba jiran mota, ba bin layi a ƙofa. In yara sun gaji a hau sama a kwanta. Ga karin kumallo iri-iri, ga wurin iyo mai ruwan ɗumi."

"Ruwan ɗumi muna da shi a rumfa tun asuba," na ce. "Zo in tsoma ka kyauta. Ah Hoong, in ka rufe ido, ɗakin tsada da na araha duhunsu ɗaya. Barci za ka je yi ko sayen gidan?"

Matarsa Sook Kuan ta ce, "Haba Goggo, ai sau ɗaya ne a rayuwa."

"Haka kika ce ranar da kuka sayi firjin nan mai magana."

"Goggo ba ta canzawa," in ji Ah Hoong yana dariya.

"Kai ne ka canza. Da can har takardar kek kake lashewa."

Duk wannan Ah Yoke tana cire wa ƙaramin jikanta ƙayar kifi. Na tabbata bayana za ta bi, matar da take wanke ledar burodi ta shanya. Sai ta ɗago ta ce, "Wanne ya fi kusa da tsohon?"

"Na gilashin, Mama. Gada ɗaya ce tsakaninsu."

"To, shi za ka kama mana."

Na saki baki ina kallonta. Sai da muka koma wanke-wanke mu biyu ta yi magana, ba ta ko dube ni ba. "In suka rushe ɗakin, ina za ta tsaya? Ƙaura zan yi da ita, Kam Lan. Na gangaren akwai mota, akwai kwana-kwana, za ta rikice. Wannan da ƙafa za mu je."

Daga nan ban ƙara cewa komai a kan tsada ba.

Yadda ake tafiya da wanda ya riga mu gidan gaskiya sananne ne a wajenmu. Ana riƙe masa baƙar laima a buɗe don kada sarari ya buge shi, kuma ana faɗa masa kowace ƙofa, kowace kwana, kowace gada, domin ba ya ganin hanya, murya kawai yake bi. In ka wuce wuri ba ka faɗa ba, a nan zai tsaya. Ah Yoke ta shiga shaguna uku kafin ta sami wadda ta yi mata: baƙa wuluk, babu fure babu rubutu, mai mariƙin katako. Ba ta nemi ragi ba, abin da ban taɓa gani ba.

Muka riga su Ah Hoong hawa da kwana ɗaya, muka yi kwanan ƙarshe a Akwatin Ashana. Otal ɗin ya riga ya zama kango. An tara katifu a kan hanya, rabin fitilun a mace, in ka yi tari sai ka ji shi ya je ƙarshen bene ya dawo. Da safe ta ninke bargon gadon da ba a kwana a kai ba, ta zuba alewar a aljihu, ta buɗe laimar a tsakiyar ɗaki. Ba a buɗe laima a cikin gida, sai don abu ɗaya.

"Ah Sim, tashi mu tafi," ta ce. "Za mu fita ƙofa. Biyo ni."

Na ɗauki jakunkunanmu na bi su a baya. Na ce "su" don haka abin ya kasance a idona. Ta karkata laimar ta hagu, ƙasa-ƙasa, daidai tsayin yarinya, tana tafiya a hankali. "Za mu shiga lif, kada ki ji tsoro. Mun fito. Za mu karya dama." Matasa suna dariya suna ɗaukar hoton tsohuwar da ta buɗe laima a ƙarƙashin rufi. Tsofaffi kuwa, waɗanda suka gane, suna janye jikokinsu gefe suna sunkuyar da kai. Wani dattijo ya cire hula.

A gaban matattakalar nan mai tafiya da kanta ta tsaya. "Wannan ba ki san ta ba, bayanki aka kawo ta. Ɗaga ƙafa in na ce. To, yanzu."

Muka fito fili. Gajimare ya sauko ya zauna a kan wurin wasan, ana yayyafi, kiɗan lilo yana zuwa daga inda ba ka gani. Ihun masu hawa jirgin wasa yana wucewa ta saman kanmu, jirgin kansa ba a ganinsa. Da muka zo wajen dawakin katako masu juyawa, ta ja ta tsaya. Na ce mata ruwa na dukanta, don kafaɗarta ta dama ta jiƙe sharkaf.

"Bar ta ta kalla," in ji ta.

Muka tsaya har dawakin suka gama zagayensu, yara suka sauka, wasu suka hau. Sannan ta ce, "Ya isa, gobe ma rana ce. Za mu haye gada, riƙe ni da kyau." Gadar doguwa ce, gajimare na shiga ta wannan gefe yana fita ta wancan. Ta faɗa mata farkonta, ta faɗa mata tsakiyarta, ta faɗa mata mun haye. A lokacin na ga tana murmushi, irin wanda na manta tana da shi.

Gidan Gilashi yana da ƙofa mai juyawa, irin wadda mutum yake shiga ta zagaya da shi. Laima a buɗe ba za ta shige ta ba. Ah Yoke ta tsaya a gefen wata babbar tukunyar fure tana nazarinta.

"Kam Lan, wannan kuma me zan ce mata? Ƙofa ce ko injin niƙa?"

Kafin in ba ta amsa wani mai ɗaukar kaya ya kama jakunkunana. Ni kuwa na riƙe gam, ina ce masa hannuna bai karye ba. Muna cikin wannan ja-in-ja ƙofar ta juyo da jikokinta, sun hango ta daga ciki. Ƙaramin ya kwaso da gudu ya yi tsalle zai ɗafe ta, ƙasa kuwa da santsi. Kowace kaka a duniya abin da za ta yi ke nan: ta miƙa hannu biyu ta tare shi. Mai tsaron ƙofar, wani dattijo mai farar safar hannu, ya rusuna ya karɓi laimar daga yatsunta kafin ta faɗi, ya rufe ta, ya karkaɗe ruwan, yana yi mana barka da zuwa. Aikinsa ya yi, kuma ya yi shi da kyau. Sook Kuan tana cewa a tsaya a yi hoto, Ah Hoong ya rungumo kafaɗar uwarsa, ƙofar ta juya da su duka zuwa ciki.

A Akwatin Ashana babu mai karɓar maka komai. Ko za ka shiga da akuya, babu mai ɗaga kai.

Ta cikin gilashi na ga fuskarta sa'ad da ta dubi hannunta. Ta ture ɗanta ta fito. A gefen ƙofar akwai wani dogon mazubi na laimomin da otal yake ara wa baƙi, duka baƙaƙe, duka masu mariƙin katako. Nan mai tsaron ya soka tata. Kuma a daidai wannan ɗan lokacin wata tawagar baƙi ta fito za ta shiga wurin wasan, kowa ya zari ɗaya. Muna ganin bayansu suna shigewa cikin gajimare.

"Ban ce mata ta shigo ba," in ji Ah Yoke. Muryarta ba ta ɗaga ba. "Kam Lan, ban faɗa mata ba."

Na otal suna da ɗan tambarin zinariya a jikin maɗauri, tata ba ta da shi. Muka zazzage waɗanda suka rage ɗaya bayan ɗaya, duk masu tambari. Mai tsaron ƙofar ya rikice, yana ta ba da haƙuri. Manaja ya fito da sabuwar laima a cikin leda, ya ce kyauta ce. Ta karɓa don kada ta kunyata shi, ta miƙo mini.

"Mama, laima ce fa," in ji Ah Hoong. "Goma zan saya miki."

"Na sani," ta ce.

Raina ya ɓaci, ba da shi ba, ba da mai safar hannu ba, da babana da ya daɗe a ƙasa. Na ja Ah Hoong bayan wani ginshiƙi na ce, "Kai, kana da yaya."

"Na taɓa ji. Wadda ba a faɗa."

"To, ita uwarka take zuwa gani duk shekara, ba caca ba. Ita ta ɗauko yanzu."

Ya dube ni, ya dubi mazubin, fuskarsa ta yi fari. Bai ce wannan tsohon yayi ne ba. Ya fita cikin ruwan nan da takalminsa mai tsada, ya yini yana tare baƙi yana roƙon su bari ya duba maɗaurin laimarsu. Har yau in na tuna wannan sai in yafe masa firjin.

Aka kai mu ɗakinmu can sama. Gaskiya ɗaki ne. Gado biyu manya, kafet mai nutsar da ƙafa, kwandon 'ya'yan itace da manaja ya aiko na ban haƙuri. Bango guda gilashi ne tun daga sama har ƙasa. Ah Yoke ba ta zauna ba, ta je ta tsaya a jikinsa. Gajimaren ya ɗan yaye, wurin wasan gaba ɗaya yana ƙarƙashinmu, kuma ko'ina ka duba baƙaƙen laimomi ne suna yawo, wasu a layin jirgi, wasu a wajen mai sayar da masara, wasu suna zagaya dawakin katako.

Na nemi abin da zan faɗa mata. Na ce, "Yaya Yoke, ki duba. Wataƙila tana cikin ɗaya daga ciki. Wani ya kai ta wasa. Ba abin da take so ke nan ba?"

Ta dafa gilashin da tafin hannu.

"Ba ta bin baƙo," ta ce. "Ni na koya mata. Na ce in kin ɓata, ki tsaya inda na bar ki har in zo."

Ta sauka. Laimomin suka riƙa dawowa da yamma, a jiƙe, ɗaya-ɗaya, tana duba kowace. Tata ba ta dawo ba. Ta buɗe sabuwar da manaja ya ba ta, ta tsaya gefen tukunyar furen ta kira sunan, ta ce ga ƙofa, ta ce a shigo. Mai tsaron, wanda zuwa lokacin ya fahimta, ya buɗe mata ƙaramar ƙofar gefe ya kawar da kai. Ta shiga, ta tsaya, ta saurara. Sai ta girgiza kai ta koma waje ta sake. Na tambaye ta ko tana nan. Ta ce ba ta sani ba. Shekara da shekaru tana sani, ranar ta daina.

Tun daga wannan shekarar Gidan Gilashi muke sauka. Ah Hoong ne yake biya, ta bar shi. Ba ta taɓa sa ƙafa a ruwan ɗumin ba, karin kumallon kuma shayi kawai take sha. Da safe za ta sauko ta tsaya gefen tukunyar fure da laima a karkace, in ta gaji a kawo mata kujera. Baƙi suna ɗauka mota take jira. Wata mata mai jan yara uku ta taɓa tambayarta ko otal ɗin ya ci kuɗinsa, don su a gangare suka sauka. Ah Yoke ta ce mata, "In za ki iya, ki kama. Amma kada ki bari su karɓar miki komai a ƙofa."

Bana ƙafafunta sun ƙi. Tun damina take kwance a ɗakin ƙasa, rumfar ma mun ba wa wasu haya. Likita ya ce hawa dutse ba nata ba ne kuma. Da hutun makaranta ya matso sai ta kira ni, ta nuna mini laimar a rataye a bayan ƙofa.

"Ni?" na ce. "Yaya Yoke, yarinyar nan ta san ni da baƙin gashi har kugu. Dube ni yanzu. Ai ni ma baƙuwa ce."

"Muryarki ba ta canza ba. Duk kasuwa sun shaida."

"Ki ji ta, tana kwance tana tsokana."

Ta yi 'yar dariya har tari ya sarƙe ta. Da ya lafa ta kama hannuna. "Ta hagu za ki tsaya, wajen furen. Ki yi magana a hankali, kada ki yi mata irin ta masu saye. In kin ji kamar ta biyo ki, kada ki waiwaya."

"In ta tambaya ina kike fa?"

Ta juya ta kalli bango. "Ki ce na shiga karɓo makulli. Ki ce yanzu zan fito."

Na ce to. Na sa laimar a jaka, na sa alewa. Gobe da safe motar take tashi, kuma tun jiya nake maimaita maganar a bakina ko za ta zauna. Tun yarinyar nan tana raye ban taɓa yi mata ƙarya ta wuce ba.